Ciyawa ta cinye hanyoyin lambuna, ba na son feshi, ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bayan gidanmu a nan Zariya, ina shuka alayyafo, latas, tumatir da albasa a fangali. Damuwata hanyoyin da ke tsakanin fangalin ne, da kuma 'yar hanyar intalok da ta taso daga ƙofar kicin. Ko na nome, kafin mako biyu ciyawa ta dawo kamar ban taɓa ba, wata ma har ta fara shiga cikin shuka. Maigida ya ce a sayo magani a fesa a huta, ni kuma ina tsoro, saboda rijiyarmu tana cikin lambun, ga yara suna yawo ba takalmi, ga kaji. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba gishiri, wani kuma ya ce baƙin mai. Don Allah akwai hanyar da zan bi ba tare da magani ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sa wa lambun albarka, ya raya yaran. In na fahimce ki daidai, kina son hanyar da za a taka ba ciyawa, ba tare da an taɓa lafiyar rijiya da ta yara ba, kuma ba tare da kin zama kullum kina duƙe da fartanya ba. Ana samun haka. Sai dai tun daga farko in gaya miki, mafi yawan aikin ba da damina ake yinsa ba, lokacin da ciyawar ke ba ki haushi. Da rani ake yinsa, lokacin da kowa ya manta da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsoron da kike ji ba na banza ba ne, kuma ba raina shawarar maigida nake yi ba, don feshi yana da wurinsa a babbar gona inda hannu ba zai iya ba. Magungunan da aka saba fesa wa ciyawar da ta riga ta fito iri biyu ne. Akwai mai ƙone ganye nan take, wato farakwat, guba mai tsanani ga mutum wadda ba ta da makari idan aka sha, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi tun 2007. Akwai kuma gilaifoset mai bin jikin ciyawa har saiwa, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a 2015 cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, ko da yake hukumomin wasu ƙasashe ba su yarda da wannan hukunci ba. Ko an ajiye wannan muhawara a gefe, hanyar da faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba, latas a dama, alayyafo a hagu, 'yar iska kaɗan ta isa ta kai feshin kan abin da za ki sa a tukunya gobe. Ga jarkar maganin da za ta zauna a gida mai yara. Sannan duka biyun ba sa taɓa irin ciyawar da ke kwance cikin ƙasa, shi ya sa wanda ya fesa yau zai sake fesawa bayan 'yan makonni.

Me ya sa tsakar gida ba ta yin ciyawa?

Ki dubi tsakar gida irin ta iyayenmu, wadda har yau ana ganinta a ƙauye da cikin tsohon gari. Ruwan da ke sauka a kanta shi ke sauka a bayan gida, amma a watan Agusta bayan gida ya zama daji, ita kuwa fes. Ba wanda ya taɓa fesa mata komai. An daɓe ta ne ta yi tauri, saiwa ba ta samun wurin kamawa. An karkatar da ita, ruwa yana bin rariya ya fice, ba ya kwana. Ana share ta safe da yamma, ƙura da iri ba sa samun damar taruwa. Kuma ƙafa ba ta ɗagawa daga kanta wuni guda.

Hanyar lambunki ta rasa kusan duk waɗannan. Duk sanda kika ba fangali ruwa, ita ma ta sha. Duk sanda aka ɗauko taki, wani ya zube a kanta, kuma takin dabbobin da bai ruɓe ba cike yake da irin ciyawa. Ba shukar da za ta yi mata inuwa, rana tana dukanta kai tsaye. Sai ga fartanya ta zo ta sassauta ƙasar ta yi laushi. Ashe dai a lambun kaf ba inda ciyawa ke jin daɗi kamar nan.

Batun fartanyar ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin ƙananan irin ciyawa ba sa tsirowa sai suna kusa da sama, cikin santimita 5 na farko, da yawansu ma sai haske ya taɓa su. Waɗanda ke can ƙasa barci suke yi, wasu shekaru masu yawa. Idan kika yi wa hanya noma mai zurfi irin na gona, kin kashe na sama, amma kin juyo da na ƙasa kin kawo su inda za su farka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kike ganin kamar ba ki taɓa ba.

Ki fara sanin wadda kike faɗa da ita

Duk wanda ya kira ni kan matsalar ciyawa, kafin in ce masa komai sai na sa an tumɓuko mini ita da saiwarta, domin maganin wata shi ne abincin wata.

Kashi na farko su ne masu rayuwar damina ɗaya, waɗanda ba su da dabara sai iri: harƙiya, gude-gude, ƙarangiya, tsidau, kashin yawo, nonon kurciya, zaki-banza, da tuji. Waɗannan da an datse su a wuya sun mutu, abin da ake tsoro kawai su kai ga zubar da iri. Tuji shi ne ɗan gidan hanya, yana son ƙasar da aka tattake ta yi tauri, kuma in ya girma sai an sa ƙarfi kafin ya tumɓuku, don haka tun yana ƙarami ake gamawa da shi. Fasa-ƙabba da balasa su ma a nan zan sa su, amma da gargaɗi: jikinsu ruwa ne, in kika cire kika yar a kan hanya mai danshi, gutsuren zai sake kamawa, fasa-ƙabba ma tana iya ƙarasa nunar da irinta bayan an cire ta. A kwashe su a fitar. Fasa-ƙabba da zaki-banza dai ana cinsu.

Kashi na biyu su ne masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa: aya-aya, kiri-kiri da tofa. Yadda kika ce ciyawar tana dawowa kafin mako biyu, har tana kutsawa cikin shuka, na fi zaton ɗaya daga cikin biyun farko ce, ko ma duka. Ba ke kaɗai suke wahalarwa ba. A 1977 masanin ciyawa LeRoy Holm da abokan aikinsa sun jera ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya, aya-aya ce ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu, tuji na biyar, tofa ta bakwai.

Ga yadda za ki gane aya-aya. Ki murza karanta tsakanin yatsu biyu, za ki ji ba zagayayye ba ne, kusurwa uku gare shi, ganyen kuma kore shar mai sheƙi. Ki sa wuƙa ki tono ta a hankali, za ki ga wani baƙin zare siriri mai tauri ya tafi gefe, a ƙarshensa ƙwaya baƙa, daga ita wani zaren ya sake tafiya zuwa wata ƙwayar. Ki fasa ɗaya da farce, cikinta fari ne, da ɗan ƙamshi, ga ɗaci. Dangin aya ce da kajijin da kuke sawa a turaren wuta. Muddin zaren nan bai tsinke ba, ƙwayar da ke gaba ce ke toho, sauran suna kwance. Da fartanya ta tsinka shi, sai kowace ƙwaya ta tashi da kanta. Shi ya sa wurin da aka fi nomewa yake fin cika da ita. Yawancin ƙwayoyin suna cikin santimita 15 na sama, kuma tana da rauni biyu da za mu kama ta da su: ƙwayar ba ta jure bushewa, ganyen kuma ba ya jure inuwa.

Kiri-kiri kuwa yaɗo take yi, ta sama da ta ƙasa, kowace gaɓa ta taɓa danshi sai ta yi saiwa. Ɗan guntun da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kafa sabon gindi, don haka sassara ta da fartanya shuka ta ne. Tofa ba ta cika shiga lambun cikin gida ba sai in filin sabo ne ko kusa da fadama, amma in tana nan za ki san ta da tsinin da ke huda ƙafa da fararen jijiyoyi masu zurfi.

Aikin rani

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai, shi ne lokacin tono. A ɗauki hanya ɗaya, ba duka a lokaci guda ba. A sa diga a ɓamɓaro ƙasar, zurfin santimita 20 zuwa 25, a bar ta gunduwa-gunduwa, kar a farfasa. Bayan kwana biyu ko uku a bi da manjagara da hannu a tsince duk jijiya da ƙwayar da ido ya gani. Inda aya-aya ta yi yawa, ni ina sa a rairaye ƙasar da wayar nan da magina ke tace yashi, aikin yana da cin rai amma ba abin da ya kai shi. Sauran da suka kuɓuce a bar wa rana: a riƙa juya ƙasar duk mako, sau uku ko huɗu. Ƙwayar da ta kwanta a fili cikin busasshiyar ƙasa mako biyu ta mutu. Abin da aka tsince a shanya shi a kan siminti ko kwanon rufi har ya yi ƙayau, sannan a ƙone. Kar a kai shi ramin taki, zai dawo miki ta cikin fangali.

Sharaɗin wannan aiki shi ne ƙasar ta bushe da gaske. Tunda kina noman rani, hanyar da ke tsakanin fangali biyu da ake ba ruwa kullum ba za ta taɓa bushewa ba. Sai ki daidaita aikin da girbi: in kin cire albasa ko latas ya ƙare, ki huta da fangalin da ke gefe da gefe na wata guda, ki yi hanyar da ke tsakaninsu. Bana hanya biyu, baɗi biyu, ya fi a buɗe duka a kasa rufewa.

Bayan tono, saura irin da ke cikin ƙasar sama, kuma nan zafin bazara zai yi mana aiki. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 har ya wuce, a baje hanyar ta yi sumul, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa leda fara wadda ake ganin abu ta cikinta, a binne bakinta ta ko'ina yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako 4 zuwa 6. Masana sun fara bayyana wannan dabara a 1976, kuma ƙasa irin tamu ta fi ko'ina dacewa da ita. Mutane sukan ɗauka baƙar leda ta fi, amma ita baƙa jikinta ne ke ɗaukar zafin, fara kuwa tana barin hasken ya ratsa ya dafa ƙasar, har saman ƙasar ya haura digiri 50. Jiƙawar ma dole ce, don busasshen iri yana jure zafi, jiƙaƙƙe ba ya jurewa. Wannan yana gamawa da irin harƙiya, tuji da makamantansu da ke sama. Ba ya gamawa da ƙwayar aya-aya mai zurfi, shi ya sa tono ke zuwa kafinsa. In an yaye ledar kar a sake saran ƙasar, kuma a naɗe ledar a adana, kar ta yayyage awaki su ci.

Gina hanyar

Yanzu hanya ta yi tsabta, amma in aka bar ta tsirara ruwan farko na Mayu zai kawo sabon tsiro. Dole a rufe ta kafin nan.

Farko a rage faɗinta. Hanyar ƙafa santimita 50 zuwa 60 ta isa, sai guda ɗaya babba mai santimita 80 zuwa 90 don baro. Duk abin da ya ƙaru a kan haka filin ciyawa ne kike kiwo. Sannan a ɗaga ta sama da fangali, a yi mata ɗan tozo a tsakiya yadda ruwa zai gangara gefe. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, hanyar da ta zama kwari kuwa duk ruwan nan da irin da ya kwaso a kanta za su kwanta. Sai a yi mata baki: bulo ko jan bulo a jere, a binne aƙalla santimita 20, a matse su. Wannan bakin shi ke raba kiri-kiri da shukarki, ya kuma hana ƙasar fangali mai taki zubowa kan hanya. Wasu suna yanka tsohon kwanon rufi su binne, yana aiki, amma a gidan da yara ke yawo ba takalmi ba zan ba da shawararsa ba.

A kan abin da za a rufe da shi, zaɓina na farko ga babbar hanya shi ne daɓe. Ana samo marmara ko burji, a haɗa da jar ƙasa kaɗan, a zuba kaurin santimita 8 zuwa 10, a yayyafa ruwa har ta yi danshin da in kika dunƙula ba ta wargajewa kuma ba ta ɗiga. Sai a bi da madaɓi ana bugu daga gefe zuwa tsakiya, har sautin ya tashi daga luguf-luguf ya koma ƙwal-ƙwal, saman ya fara sheƙi. Iyayenmu mata suna yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ko ruwan bagaruwa, su sake bugu washegari da jibi, shi ke ba daɓen wannan jan duhu da ƙarin tauri. Tunda wannan a fili yake ruwa zai dake shi, ni nakan haɗa kwano 1 na siminti da kwano 10 zuwa 12 na marmara, a riƙa yayyafa masa ruwa mako guda kafin a fara takawa sosai. Kowace shekara bayan damina a duba inda ya tsage a cike, don tsaga ita ce ƙofar aya-aya.

In ba a samu marmara ba, tsakuwa ma tana yi, amma ba a zuba ta kai tsaye a kan ƙasa, nutsewa za ta yi ta cakuɗe, cire ciyawa a cikinta kuma azaba ne. A fara daddaɓe ƙasan, a shimfiɗa wani abu, sannan tsakuwa kaurin santimita 5. Akwai shimfiɗar hana ciyawa da ake sayarwa mai barin ruwa ya wuce, ita ta fi. Buhunan taki ko na siminti ninki biyu suna maye gurbinta muddin an rufe su ruf, don da rana ta same su sai su ruɓe su zama zare-zare. Baƙar leda tana tare ruwa, hanyar ta yi kwatami, aya-aya kuma tana huda ta da tsininta.

Ga ƙananan hanyoyin da ke tsakanin fangali, waɗanda wata rana za ki so ki canza musu wuri, kwali da ɓuntu sun fi. A samo manyan kwalaye, a cire salatif da ƙusoshin jiki, a shimfiɗa ninki biyu, kowane ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 15 don kar haske ya sami kafa. A jiƙa, sannan a zuba ɓuntun shinkafa, dusar katako ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 8 zuwa 10. A cikinsu na fi son ɓuntun shinkafa, yana daɗewa bai ruɓe ba, ba ya riƙe ruwa, gara ma ba ta cika damuwa da shi ba kamar yadda take yi wa katako. Dusar katako tana janye sinadarin da ke sa ganye kore yayin da take ruɓewa, wanda a kan hanya alheri ne, amma kar ta shiga fangali sai ta ruɓe. Ƙaiƙayin masussuka da busasshiyar ciyawar da ta riga ta yi kai a guje su, iri ne za ki shimfiɗa da hannunki. Haka ganyen darbejiya yana da kyau, amma in an sharo shi da 'ya'yansa za ki ga darbejiya ta tsiro a jere.

Wannan hanya tana da nata sharuɗɗan da ba zan ɓoye miki ba. Gara tana son kwali, don haka kar a kai shi jikin bango, a bar tazarar mita guda, musamman in ginin ƙasa ne ko akwai azara. Kunama tana son ƙarƙashinsa, in za a ɗaga a sa sanda, ba hannu ba. Da hunturu busasshen ɓuntu yana kama wuta, a nisanta shi da murhu. Kajinki kuma za su yi ta tona, bakin bulon nan ne zai hana su watsa shi cikin shuka. Duk shekara a ƙara sabo a kai, bayan shekara biyu a kwashe na ƙasan da ya yi baƙi a kai ramin taki.

Wani zai ce a bar kiri-kirin kawai ta rufe hanyar a riƙa aske ta da lauje. A gonar mangwaro ko gwaiba wannan shawara ce mai kyau, tana riƙe ƙasa, ga abincin dabbobi. A lambun latas da albasa kuwa ban yarda da ita ba, don ruwa da takin da ke cikin fangali za su riƙa kiranta kullum.

Intalok ɗin ƙofar kicin

Nan yawancin ciyawar ba daga ƙasa take hudowa ba, a cikin ƙura da dattin da suka taru a tsakanin duwatsun take tsirowa. Ki samu tsohuwar wuƙa ki kankare tsagogin har zurfin gaɓar yatsa, ki share, sannan ki bi da tafasasshen ruwa. Zafi yana fasa ƙwayoyin halittar ganye, ƙaramin tsiro ba ya tashi bayansa. Ba sai kin ƙona gas ko itace don wannan ba, ruwan da kika tafasa ganye ko taliya da shi ya wadatar in ba gishiri a ciki. A ɗauke shi a buta mai hannu, ba a buɗaɗɗiyar tukunya ba, a zuba ƙasa-ƙasa a gindin ciyawar, kuma a tabbata yara suna ɗaki. Mai ajiya a ƙasa za ta sake toho, sai an maimaita duk sanda ta leƙo. Bayan nan a cike tsagogin da busasshen yashi mai tsabta, a share shi ya shiga ya cika. Inda aya-aya ta yi gida a ƙasan intalok, gara a ɗaga duwatsun wurin a tono ƙwayoyin a mayar, abin da ya sa intalok ya fi siminti ke nan. Daga nan tsintsiya ce mai gadi.

Gishiri, baƙin mai da sauransu

Gishiri yana kashe tsiro, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma ba ya zama inda aka zuba shi. Ruwa zai narkar da shi ya kai shi fangali, albasa da latas kuwa ba sa jure gishiri, ita kiri-kirin da kike so ki kashe tana cikin ciyayin da suka fi jure shi. Da rani kuma, in ruwa ya ƙafe, sai ya hauro sama ya yi fari-fari, ƙasar ta daɗe ba ta warke ba. Kanwa ma haka.

Baƙin mai kuwa, Hajiya, don Allah ko kusa. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba, ba ya ruɓewa da wuri, yana bin ƙasa a hankali, kuma rijiyarki tana nan kusa. Ya fi maganin feshin da kike gudu sharri.

Ruwan khal na kicin, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, yana ƙone ɗan tsiro mai ganye biyu a rana mai zafi, iyakarsa ke nan, kuɗinsa bai kai amfaninsa ba. Toka taki ce. Ƙona kara a kan hanya yana kashe na sama, amma wuta ba ta kai wa ga jijiya, tofa ma bayan gobara take fin tashi da ƙarfi, ga hatsarin wuta a cikin gida.

Da damina

In an yi aikin rani, na damina ba shi da yawa, sai dai ba ya son fashi. Sau ɗaya a mako, da safe a ranar da ake sa ran rana, a bi gefen hanyoyin da fartanya mai kaifi ana kankarewa sama-sama, ba sara ba, tun tsiron yana ganye biyu. Kafin azahar ya bushe. Manyan da suka kuɓuce a tumɓuke su da hannu bayan an yi ruwa, lokacin da ƙasa ke sakin saiwa. Duk wadda ta fara fitar da kai ko fure, ko ba ki da lokacin komai a ranar, ki tsinke kan ki fitar da shi. Inda ƙarangiya ko tsidau suka riga suka zubar da ƙaya, a ja tsohon bargo ko buhun algarara a kan wurin, ƙayar za ta maƙale a jiki, a ƙone ta.

Aya-aya tana da nata ƙa'idar. Duk tohon da ta fitar daga ajiyar ƙwayar take ci, kuma ba ta fara mayar da abin da ta ci, balle ta haifi sabuwar ƙwaya, sai ta kai ganye biyar zuwa shida. In kina cire ta kafin nan, wato duk mako biyu ba tare da tsallakewa ba, ƙwayar tana ramewa har ta ƙare. In kika bar ta wata guda a Agusta, ta mayar da asararta har da riba.

Ki kuma lura da abin da ke shigowa lambun. Ƙasar fadama da ake kawowa a tifa ko a amalanke ita ce babbar hanyar da aya-aya ke shiga gidaje, haka ƙasar da ke jikin dashen da aka sayo. Taki a bar shi ya ruɓe a rami kafin a kawo shi. Ban ruwa kuma a kai bakin tiyo ko butar har cikin fangali, kar a tsaya daga nesa ana watsawa hanya tana sha.

Abin da ba zan yi miki alƙawarinsa ba shi ne a gama da aya-aya ko kiri-kiri a shekara ɗaya. Inda suka daɗe, shekarar farko raguwa za ki gani, sai ta biyu ko ta uku hanyar ke kwantawa. Kuma duk wannan na gina shi ne a kan bayaninki, ban ga ciyawar da idona ba. In kin tono kin ga ba ta yi kama da waɗanda na siffanta ba, ki sa ta a leda da saiwarta da kanta ki aika wa malamin gona na yankinku, ko a kai Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, tunda kusa take da ku. In kuma daga filin maƙwabta take kutsowa ta ƙarƙashin katanga, a haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 30 a bin katangar daga ciki, a bar shi a buɗe, duk jijiyar da ta leƙo a datse ta tun ba ta tsallako ba.